Yadda Ake Kallon Husufin Wata a Babban Mutum

Mutanen Babban Mutum suna da abin da mazauna Kano ba su da shi ko da kuɗinsu: duhun dare. Ka ɗan fita bayan gari, a nan ƙasar Baure da ke bakin iyaka da Nijar, fili ne shimfiɗe, ba dogayen gine-gine, ba fitilun da za su kashe maka ido. Wurin kallon husufi ke nan. Saura ka san ranarsa, ka kuma san abin da idonka ke gani.

Fara da kalanda. Wata ba ya yin husufi sai ya cika, wato daren 14 ko 15 ga watan Musulunci. Husufin rana kuwa sai a ƙarshen wata, 28 ko 29. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa wata zai yi zazzaɓi ranar 7 ga wata, ka goge. Dalili shi ne wata ba shi da hasken kansa, na rana yake haskawa da shi, kuma husufi yana faruwa ne idan duniya ta shiga tsakaninsu inuwarta ta faɗa kansa. Ba kowane wata ake yi ba, saboda hanyar da wata ke bi ta karkace da kusan digiri 5, sai ya riƙa wucewa ta sama ko ta ƙasan inuwar.

Rubuta wannan rana ka ajiye: Lahadi, 31 ga Disamba 2028, tsakiyar Sha'aban. Wata zai fito ta gabas daidai magariba yana cikin cikakken husufi, ya fara fita daga inuwa wajen shida da rabi, ya gama fita bayan bakwai da rabi. Idan ka ga lokaci a intanet da agogon GMT, ƙara awa ɗaya. Agogonmu da na Magarya ta Nijar duk ɗaya ne.

Sai wuri. Je ka duba shi da rana tun kafin ranar. Ana son inda gabas take a buɗe har ƙasa, ba kuka ko gawo a gabanka. Lokacin hunturu ne, hazo na iya ɓoye watan a farkon fitowarsa, ga shi kuma ya dushe. Kada ka tashi, ba shi minti ashirin ya ɗago. Tafi da tabarma da rigar sanyi, ka kashe tocila, ka rage hasken waya, don ido yana ɗaukar kamar minti ashirin kafin ya saba da duhu.

Husufin wata ba ya cutar da ido ko kaɗan. Kalle shi yadda kake so. In akwai madubin hangen nesa irin na hannu, jingina gwiwar hannunka a kan katanga don kada ya yi rawa. Abin da nake so ka tsaya a kansa shi ne bakin inuwar. A lanƙwashe take kullum, ba ta taɓa zuwa a miƙe ba, domin inuwar duniya ce, duniya kuwa dunƙulalliya ce. Masana sun kafa hujja da wannan tun zamanin Girkawa, fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Jan da watan ke yi kuma ba jini ba ne. Hasken rana ne ke ratsa iskar da ta lulluɓe duniya, ta tace shi, jan ya lanƙwasa ya isa kan wata, irin jan da muke gani a yamma in rana za ta faɗi. Waɗanda gajimare bai tare musu ba a daren 27 ga Yuli 2018 sun gan shi a haka har minti 103, mafi tsawo a wannan ƙarni.

Yara za su so fita da gwangwanaye da ganguna, wai rana ta kama wata, a roƙe ta ta sake shi. Kada ka kore su da tsawa. Zaunar da su, kunna tocila a matsayin rana, riƙe lemo a gabanta a matsayin duniya, ka zagaya da goriba, wato wata, a bayan lemon har ta shiga inuwa ta fito. Ka faɗa musu nisan wata daga nan kusan kilomita 384,000 ne, rana kuwa kusan miliyan 150, to ina za ta kama shi? Abin da ya fi damuna shi ne na manya: cewa babban mutum zai mutu, ko mai ciki kada ta fito, ko zunubin wasu ne ya jawo. Irin wannan zato ya sa aka ƙona wurare a Maiduguri a husufin Janairun 2001. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi husufin rana, mutane suka danganta, shi kuwa ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla da addu'a. A mazhabar Malikiyya, sallar husufin wata raka'a bibbiyu ce kamar nafila, kowa a gidansa. Yi sallarka, sannan ka koma kallo.

Na rana dabam ne, a nan ake asarar ido. Manya na tuna Laraba 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu da hantsi a Katsina da Gusau. Ranar Litinin 2 ga Agusta 2027 za a yi cikakke a Masar da Makka, mu kuma a nan wani sashe na rana ne zai rufe da hantsi. Kada ka kalle ta da ido, ko baƙin tabarau, ko gilashin da aka turara da hayaƙi, ko a cikin ruwan kwano. Huda kwali da allura, ba wa rana baya, ka bar hasken ya ratsa hudar ya sauka kan farar takarda, za ka ga siffarta a gutsure. Ko ka duba ƙarƙashin darbejiya: hasken da ke ratsa ganye zai zuba a ƙasa kamar ƙananan jinjirin wata.