Fassarar Sunayen Halittu: Misalin Kifin Malam-Buɗe-Littafi

Ba kowane suna ake fassarawa kalma da kalma ba. A Ingilishi, kifaye biyu mabambanta ne ke amsa sunan malam-buɗe-littafi. Na farko, Pantodon, yana rayuwa a kogunan kudancin Nijeriya. Na biyu, ɗan dangin Chaetodontidae, kifin teku ne: yana buƙatar ruwa mai gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, wasu jinsunansa ma ba sa cin komai sai murjani mai rai. Idan mai kiwon kifin ado a Unguwar Rimi ya dogara da fassarar da ba ta bambance su ba, ya saka na biyun cikin ruwan rijiya, kifin zai mutu. Wajibi ne mai fassara ya ƙara "na teku" ko "na kogi".