Ranar da Kake Bin Bashi

 Ɗana, tun da yanzu ka zauna a shago har kana ba da kaya bashi, zo mu yi magana a kan ranar da wa'adi zai cika, wanda kake bi ya tsaya a gabanka kansa a sunkuye, domin a wannan ranar ce ake sanin irin zuciyar da ɗan kasuwa yake da ita.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta, a yanka lokaci, a kafa shaidu. Saboda haka ka rubuta, ko da ɗan ɗakinku ne, kada kunya ta hana ka, domin mantuwa ta raba zumunci da yawa. Amma ka lura, kafin a iso wannan aya, ta 280 ta riga ta umarce ka da ka saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri.

Ka tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, da ruwan da ya shiga Kantin Kwari a 2022 ya jiƙa dilolin atamfa da shadda. Mutane sun kwanta da jarinsu, sun wayi gari ana bin su kuɗin kayan da suka zama toka ko suka ruɓe, alhali ba su ci amanar kowa ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓo wa iyalinsa. To wane ne kai da za ka wulaƙanta mutum don ana bin sa?

Na sani, akwai mai taurin bashi, wanda yake da shi amma yake ta yi maka gobe-jibi, kuma shari'a da kanta ta kira wannan zalunci. Shi kam ka nemi haƙƙinka ta hannun shugabannin kasuwa ko alƙali. Bambanta shi da mai ƙunci ba wuya: wanda abin ya fi ƙarfinsa shi yake kawo kansa, ba ya kashe waya, yakan zo da ɗan abin da ya samu yana ba da haƙuri.

Irin wannan, ɗana, kada ka je ƙofar gidansa kana ɗaga murya matarsa da 'ya'yansa suna ji, kada ka tare shi a bakin masallaci, kada kuma ka sa hotonsa a Facebook. Ka ja shi gefe, ku rarraba kuɗin yadda zai iya biya a hankali, in kuma ka san attajirin da ke fitar da zakka ka kai masa sunansa a asirce, domin wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin rukunin mutane takwas da Suratut Tauba ta ba su rabo a cikinta.