Amsoshin Tambayoyinku: PHP Na Ta Ɗora Laifi Kan Layin Da Bai Yi Komai Ba

Tambaya: Na fara koyon PHP, amma sai ya yi ta ce mini akwai kuskure a layi na 5, in duba in ga layin lafiya lau. Waɗanne ƙa'idoji ya kamata in fara riƙewa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, bar layi na 5, koma na 4, galibi can ɓarnar take. A PHP kowane umarni sai an rufe shi da waƙafi mai ruwa, wato alamar ; ɗin nan. Saukowa sabon layi ba ya nuna masa ka gama magana. In ka manta alamar, zai yi ta karatu har ya yi tuntuɓe a layi na gaba, shi kuma zai kai ƙara. Dubi wannan:

<?php
$suna = "Ladi";
echo "Sannu $suna";
?>

Da <?php ake buɗewa, da ?> ake rufewa, abin da ke waje kuwa HTML ne zalla. Duk mazubin da za ka ajiye wani abu a ciki da alamar dala yake farawa, harafi ko _ ya biyo baya. $kudi2 ya yi, $2kudi bai yi ba. Sannan $suna daban, $Suna daban, alhali ko ka rubuta echo ko ECHO duk ɗaya ne a wurinsa. Wannan rashin tsari gado ne: Rasmus Lerdorf ya fitar da PHP a 1995 a matsayin 'yan kayan aikin da yake kula da shafinsa da su, daga baya aka yi ta ƙari har ya zama abin da WordPress da Wikipedia ke tsaye a kai.

Inda nake so ka buɗe ido sosai shi ne alamun zance, don nan ne Hausa ke kayar da masu koyo. Ka ga mai layi biyu (") tana duba cikin mazubi, shi ya sa misalin sama zai buga Sannu Ladi. Mai layi ɗaya (') ba ruwanta, Sannu $suna za ta buga maka yadda ka rubuta. To, gwada echo 'ma'ana', ka gani. PHP zai ɗauka zancen ya ƙare a kan ma, sauran ya zame masa shirme. Haka 'ya'ya, jama'a, addu'a. Ko dai ka sa su cikin mai layi biyu, ko ka rubuta ma\'ana. Ni na fi son ta farko, ta fi daɗin karantawa. Kar kuma ka yi rubutun a Word, yakan lanƙwasa alamun, PHP kuwa miƙaƙƙu kawai ya sani.

Sauran ba wuya. Aya ke haɗa zance da zance, + na lissafi ne kaɗai. Alamar = ɗaya ajiyewa take yi, == ita ke kwatantawa. Abin da ka rubuta bayan // tunatarwa ce gare ka, ba ya karantawa.

In kuma ka danna fayil ɗin kai tsaye bai yi aiki ba, ba rubutunka ba ne. PHP a kan saba (server) yake gudu, don haka sa XAMPP a kwamfutarka, ka ajiye fayil ɗin a htdocs, ka buɗe shi ta localhost.