Wasiƙa Ga Ɗalibin Da Aka Kira Gaban Kwamitin Ladabtarwa

Ƙannena ɗaliban jami'a,

A watan Fabrairun 1983 tarzoma ta ɓarke a Jami'ar Maiduguri. Aka yi ƙone-ƙone, aka lalata dukiya, aka ci zarafin mutane. Hukumar jami'ar ta kafa kwamitin bincike, ta ɗora mataimakin shugabanta ya jagorance shi, alhali shi kansa yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Da kwamiti ya kammala aiki, aka kori ɗalibai. Wasunsu, ciki har da Yesufu Amuda Garba, suka garzaya kotu. Babbar Kotu ta ba su gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin, sai a 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar.

Kotun Ƙoli ba wanke su ta yi daga laifi ba. Hanyar da aka bi ce ta ƙi amincewa da ita. Wanda aka yi wa ɓarna ba ya zama alƙali a kan wanda yake zargi, kuma manyan laifuffuka irin su sa wuta da sata hurumin kotu ne, ba na kwamitin makaranta ba. Haƙƙin a saurari mutum kafin a hukunta shi, wanda yake sashe na 33 na tsarin mulkin 1979, shi ne yau sashe na 36 na tsarin mulkin 1999. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu: Annabi (SAW) ya gargaɗi Sayyidina Ali, sa'ad da ya tura shi Yaman, kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin ɓangare na biyu.

Amma kada ɗalibi ya ɗauka ya sami garkuwa daga kowane horo. A 2004, a shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba, Kotun Ƙolin ta yarda jami'a na iya dakatar da ɗalibi kafin a gama bincike.

Inda aka fi yin asara shi ne ɗakin jarrabawa. Mai tsaro ya ɗaga takarda daga ƙarƙashin benci, ya miƙo fom, ɗaki ya yi tsit, idanu duk suna kan mutum ɗaya. Hannu na rawa yaro zai rubuta cewa ya amsa laifi yana neman afuwa, ko da takardar ba tasa ba ce, don kawai a bar shi ya ƙarasa. Wannan layi guda shi zai tarar a gaban kwamiti bayan watanni. Abin da ya kamata shi ne ya rubuta abin da ya faru kamar yadda ya faru, da lokaci da sunayen na kusa da shi, kuma kada ya sa hannu a abin da bai karanta ba.

Idan takardar gayyata ta zo, ya je. Ƙin zuwa don fushi ko kunyar iyaye rufe wa kai ƙofa ne, domin kotu ba ta ce lallai sai ya yi magana ba, dama kawai ta ce a ba shi. Ya nemi a bayyana masa tuhumar a rubuce, ya nemi ganin hujja, ya kawo shaidunsa. In akwai wanda suke da rikici da shi a cikin kwamitin, ya faɗa tun a zaman farko, cikin ladabi. In hukunci ya fito bai gamsu ba, dokokin jami'o'in tarayya sun ba shi damar kai kuka majalisar gudanarwa, kuma jinkiri kan kashe ƙara mai ƙarfi.

Wanda kuwa ya san ya yi satar amsa, gaskiya ta fi masa, kuma shi ma yana da haƙƙin a saurare shi.

Ƙannena, ku ɗauko littafin dokokin ɗalibai da aka ba ku ranar rajista, ku karanta babin ladabtarwa tun ba a kira sunan kowa ba. Allah ya tsare ku, ya ba ku sa'a.