Yawan Tarwada Ba Shi Ne Lafiyar Rafi Ba

Wanda ya bi titin Abuja zuwa Keffi da yamma, daga Mararaba har Masaka, zai ga tarwada a robobi da kan gawayi, ya ɗauka kifi bai taɓa wadata kamar yanzu ba. Mu da aikinmu shi ne nazarin kifin ruwan daɗi, wannan wadatar ce ke tayar mana da hankali. Kusan duk tarwadar nan ta kiwo ce, a tankin siminti ko na tamfol ta girma. Ruwan Najeriya kuwa yana da nau'in kifi sama da 200, kuma abin da muke aunawa idan mun je rafi shi ne iri nawa suka fito a koma, domin nauyin kamu kaɗai ba ya gaya mana komai game da lafiyar ruwa.

Dalilin yana jikin tarwadar kanta. A cikin kanta akwai wata gaɓa mai rassa da ke ba ta damar shaƙar iska kai tsaye daga saman ruwa, shi ya sa take rayuwa a kwatami da taɓo. Tsage da kawara da giwan ruwa ba su da wannan baiwa. Da zarar iskar oksijin ta ragu a ruwa, ko su gudu ko su mutu. Idan aka zuba jinin mayanka da kashin shanu da ruwan bayan gida a rafi, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da ƙazantar su ne ke cinye iskar, kuma abin ya fi muni da asuba, lokacin da tsirran ruwa suka kwana ba su samar da sabuwa ba. Da sassafe za ka ga ƙananan kifaye sun taso suna buɗe baki a saman ruwa, zuwa hantsi wasu sun juya ciki sama, tarwada kuwa tana nan daram. Saboda haka rafin da masunci ke fitar da tarwada kaɗai daga cikinsa ya riga ya yi rashi, ko da kwandonsa ya cika.

Wani zai ce rafukan da suka ratsa Masaka da sauran Ƙaramar Hukumar Karu ƙanana ne, wasu ma ƙafewa suke da rani, to me za a yi asara? Amma ƙananan rafukan su ne ɗakin haihuwar manyan koguna. Ruwan wannan yanki Binuwai yake gangarawa, kuma da damina ta zauna kifaye da dama sukan hauro su shiga ciyawar da ruwa ya malale su zuba ƙwai, 'ya'yan su girma a can inda abinci ya yawaita kafin su koma ƙasa. Ga kuma karfasa: namijin kan haƙa ɗan rami mai kamar akushi a cikin yashin ƙasan ruwa, macen ta zuba ƙwai a ciki, sannan ta kwashe su ta riƙe a bakinta har su ƙyanƙyashe. Tifar da ke ɗibar yashi don gine-ginen da ke ta tashi a gefen Abuja wannan ramin take kwashewa, ta bar ruwa a gurɓace da laka. Gidan sauron da aka mayar taru kuwa yana tattaro kifin da bai kai ɗan yatsa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu kiwo, waɗanda ke cewa tanki ya rage wa rafi nauyi, ya kuma ba matasa sana'a. Gaskiya ne, kuma ba na goyon bayan duk wanda zai raina wannan sana'a. Sai dai tanki iri ɗaya ko biyu yake riƙewa, ba ya haifar da kurungu ko yauni ko minjirya, kuma iyayen da ake ƙyanƙyasa daga gare su asalinsu daga kogi aka samo su. Ruwan tankin da ake saki cikin lambatu ɗauke da ragowar abinci shi ma rafin yake ƙarasawa. Haka tarwadar da aka haɗa aure da ramboshi, idan ambaliya ta fasa tafki, tana shiga ruwan da ba a yi shi da ita ba. Tafkin Victoria a gabashin Afirka ya isa izina: an zuba masa giwan ruwa a shekarun 1950 don bunƙasa kamu, kamun ya bunƙasa, amma nau'o'in ƙananan kifayen tafkin kusan 200 suka ɓace.

Doka tana nan, domin dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta haramta kama kifi da guba da nakiya, amma har yanzu ana jin labarin zuba gubar gamalin a ruwa. Abin da ya fi doka tasiri shi ne idon mutanen wuri. A Argungu, sarautar gargajiya ke hana kamun kifi a kogin Matan Fada sai lokacin biki, kuma hutun da ruwan ke samu shi ke sa a ga manyan kifayen da ake tinƙaho da su. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, kusa da madatsar Kainji, tana da masana, amma ba za su iya tsaron kowane rafi ba.

Ina kira ga masu unguwanni da shugabannin mahauta da ƙungiyar masu tifa a Masaka su ware wuraren da ba a ɗibar yashi, su kawar da sharar mayanka daga bakin ruwa, su hana taru mai ƙananan ido a tsakiyar damina. Malaman kimiyya na sakandare kuma su tura ɗalibai wurin tsofaffin masunta, su rubuta sunan kowane kifi da aka sani a rafin unguwarsu da wanda aka daina gani, tun masu sanin suna raye.