Ɗirkar Barasa da Ƙwaƙwalwar Matashi

Idan ana maganar illar barasa, hankali yakan tafi ga dattijon da ya shekara 20 yana sha har hantarsa ta lalace. Amma akwai wani nau'in sha da ya yi katutu tsakanin matasa, musamman ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka: mutum ya yi kwana 6 bai taɓa kwalba ba, ran na 7 ya ɗirki mai yawa a zama ɗaya. A shekarar 2004, cibiyar nazarin illolin barasa ta Amurka ta ƙayyade ɗirka da shan awo 5 ga namiji, ko 4 ga mace, cikin kimanin awa 2, kowane awo kuwa yana ɗauke da giram 14 na tsantsar barasa. Hanta na bukatar awa ɗaya ko fiye kafin ta sarrafa awo ɗaya. Ragowar sai ta bi jini ta isa ƙwaƙwalwa, inda take taɓa ayyuka biyu: ajiye tunani da kuma riƙe linzaminsa.

Ma'ajiyar tunani

A can cikin ƙwaƙwalwa, daura da kowane kunne, akwai wani ɗan sashe da ake kira hifokamfas. Shi ne magatakardan da ke rubuta abin da ya faru domin a tuna da shi gobe. An gane muhimmancinsa a 1953, lokacin da likita ya cire wa wani Ba'amurke, Henry Molaison, yawancin wannan sashe don magance farfaɗiya. Daga ranar har rasuwarsa a 2008, bai ƙara iya riƙe sababbin abubuwan da suka same shi ba.

Ƙwayoyin jijiya na hifokamfas suna aika wa juna saƙo da wani sinadari mai suna gulutamet. Idan barasa ta hau cikin jini da sauri, takan toshe ƙofofin da ke karɓar wannan saƙo. Mashayi zai yi tafiya, ya yi magana, har ya yi faɗa, amma gari na wayewa ba ya tuna kome, domin magatakarda bai rubuta kome ba. Wani bincike da aka buga a 2002 kan ɗaliban Jami'ar Duke ya nuna kashi 51 cikin 100 na waɗanda suka taɓa sha sun fuskanci irin wannan giɓi.

Linzamin tunani

Aiki na biyu yana hannun sashen da ke bayan goshi, wanda ke tsawatar wa mutum idan zai yi aikin da-na-sani. A 2001, Michael Anderson da Collin Green suka koya wa mutane kalmomi bibbiyu, sannan suka riƙa nuna musu ta farko, suna umartar su da su hana ta biyun zuwa zuciyarsu. Daga baya aka ga kalmomin da aka danne sun fi wuyar tunawa. Ke nan ƙwaƙwalwa tana da ikon korar tunanin da ba ta so.

Wannan iko shi mai son daina sha ya fi bukata, domin ganin kwalba kaɗai yakan tayar masa da tunanin daɗin da ya ji, tunanin kuma ya haifi ƙwaɗayi. Masana a Jami'ar Minho ta ƙasar Fotugal sun yi wa ɗalibai masu ɗirka irin wannan gwaji, suka ga aikin lantarkin ƙwaƙwalwarsu ya bambanta da na sauran ɗalibai.

Me ya sa matashi?

Sashen bayan goshi ba ya gama nuna sai mutum ya kai kimanin shekara 25. Gwaje-gwaje kan ɓeraye ma sun nuna barasa ta fi dagula koyo ga masu tasowa fiye da manya. Saboda haka ɗalibin da ke cewa sau ɗaya kawai yake sha a mako yana dukan ƙwaƙwalwarsa ne tun ginin bai bushe ba.

Ya kamata malamai su ja hankalin ɗalibai ga barasar da ake sayarwa a ƙananan ledoji da kwalabe a garuruwanmu. Ta ninka giyar kwalba ƙarfi, kuma ana shanye ta cikin 'yan daƙiƙoƙi. Saurin hawan barasa cikin jini kuwa shi ne ke kawo giɓin da muka bayyana.