Yadda A Ke Gano Ƙwan Tsutsa A Jikin 'Ya'yan Itace

'Yan'uwa, da bazara mangwaro ya kan wadata a Gafasa da kasuwannin Gaya da Ajingi. Yaro ya kan tsinci wanda ya faɗo, ya shafa a riga, ya kai baki. Amma in an yi bayan gida kusa da itacen, mai yiwuwa ne ƙwan macijin ciki ya manne a ɓawon. Macen tsutsan nan ta kan zuba ƙwai wajen 200,000 a yini guda, ƙwan kuwa ya kan yi shekaru cikin ƙasa bai mutu ba. Sai an jera kamar 20 kāna su cika milimita 1. Ido ba ya ganinsu. Ƙaƙa fa masana su ke gano su?

Da fari, a ɗakin bincike irin na Jami'ar Bayero ta Kano, a kan wanke 'ya'yan itacen cikin ruwa lita 1 da gishiri giram 9. Ba a zubad da ruwan wankin, gama shi ne abin nema.

Na biyu, a kan tace ruwan da ƙyalle, a bar shi ya kwana, ko a juya shi cikin inji da sauri, har dauɗa ta kwanta a gindin kwalba. Sa'an nan a tsiyaye na bisa.

Na uku, a kan ɗiga dauɗan nan a kan gilashi, a sa aidin kaɗan, a duba da madubin likita mai ƙara girma sau 100 ko 400. Kowace tsutsa da kamannin ƙwanta. Na macijin ciki yana da kaurin ɓawo mai ƙurji-ƙurji.

Akwai kuma dabarar Willis ta 1921: a zuba ruwan da ya ƙoshi da gishiri, ƙwan ya taso bisa, a ɗauke shi da gilashi.

Waɗansu ƙwayoyin sun fi haka wuyar gani. A 1996 mutum fiye da 1,400 suka kamu da zawo a Amurka da Kanada, saboda ƙwayar Cyclospora a 'ya'yan itacen da aka kawo daga Gwatamala. Yanzu a kan neme ta da gwajin PCR, wanda ke gane ta ta wurin ƙwayar halittarta.

Mu lura fa: abin da masani ya samu, cikin ruwan wanki ya same shi. Ashe wanki yana fid da ƙwai da yawa, ko da ya ke ba duka ba. Saboda haka ku wanke hannu da sabulu, ku cuɗa mangwaro da gwaiba da ruwa mai tsabta, ku fere ɓawo kāna ku ba yara. Ku haƙa masai nesa da rijiya da garka.

Tambayoyi:
1. Don me shafawa a riga ba ta isa ba?
2. Ina yaran gidanku su ke zagayawa?